Fanka mai kunna kanta a MGB ta 1972: ina za a sa makunnin zafi, kuma a digiri nawa?

Abba_GT: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce ga masana wuta da lagireto. Mota MGB ce, tsohuwar ƙirar Ingila, ta 1972, injinta na asali mai 1798cc, tamosta mai digiri 82, fankar ƙarfen da fambel ke juyawa tana nan a wurinta. A kan buɗaɗɗen titi allurar gejin zafi ba ta wuce N, wato daidai, amma da an tsaya a cunkoso minti goma sai ta kama hawa tana neman H, wato zafi ya yi yawa. Ana son a sa mata fankar lantarki mai kunna kanta ta kashe kanta. Wane girma? Gaban lagireto ko bayansa? Ina makunnin zafi zai zauna, kuma yaya za a ja wayoyin?

Usman Lagireto: Wa alaikumus salam. Yadda ka kwatanta ciwon, fanka ce maganinsa, tunda a tsaye take zafi ba a guje ba. Da zarar mota ta wuce wajen kilomita 40 zuwa 50 a awa, iskar da ke shigowa ta giril ta fi wadda kowace fanka za ta ja. Saboda haka wadda ke tafasa a babban titi, ko fanka uku aka jera mata aikin banza ne: saƙar lagiretonta ce ta toshe, ko taimin ya yi baya, ko kafireto na ba da mai kaɗan.

Duk da haka kafin a kashe kuɗi a duba abu uku. Bayan injin ya yi zafi a kashe shi, a shafa saƙar lagireton da tafin hannu daga gefe zuwa gefe. Inda aka ji sanyi a tsakiyar zafi, bututan wurin sun toshe. Sai a kwance magudanar ruwan da ke jikin bulok ta hannun dama, can baya kusa da silinda ta huɗu. A injin nan laka a wurin take taruwa, sau da yawa za ka cire ƙusar gaba ɗaya ko ɗigo bai fito ba sai ka zungura da waya. Na uku, soson da ke toshe tsakanin lagireto da farantin da yake ɗaure a kai, da robar saman farantin da bonet ke dannewa. In sun zube, iskar zafi ta ɗakin injin ce ke zagayowa gaba ta sake shiga saƙar.

Abba_GT: An sake saƙar bara, an kuma wanke bulok. Robar saman ce babu, za a nemo.

Sabo Riwaya: To madalla. Ga ɓangaren wuta, shi ne inda ake yawan ƙona tsofaffin motocin Ingila. Fanka mai inci 10 tana shan amfiya 7 zuwa 10 tana cikin juyawa, amma a sakan ɗin da take tashi takan ja ninki biyu ko uku. Kada wannan wutar ta bi ta makulli, kada ta bi ta cikin makunnin zafin kansa. Rile ake sawa, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babba, mai ƙafa huɗu, na amfiya 30 ko 40, irin wanda ake samu a kowane shagon kayan wutar mota. An rubuta lamba a gindin kowace ƙafa:

Ƙafa ta 30 ita ke karɓar wuta kai-tsaye, ta cikin fis na amfiya 20. Ƙafa ta 87 ta tafi fozitib ɗin fanka, ɗaya wayar fankar kuma a ɗaure ta a bodi. Ƙafa ta 86 ta karɓi wutar da ke zuwa sai an murɗa makulli. Ƙafa ta 85 ta tafi makunnin zafi, daga ɗaya bakin makunnin a sauke a bodi. Shi ke nan. Ruwa ya kai digirinsa, makunni ya haɗe, rile ya yi ƙas, fanka ta tashi. Abin da ke bi ta makunnin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na amfiya ba, don haka zai daɗe.

A MGB batir ba a gaba yake ba. Ta 1972 batir biyu ne masu volt 6 a bayan kujeru, saboda haka ba sai an ja waya daga can ba. Kalar wayoyin Lucas, kamfanin da ya yi kayan wutar motar, a tsare take: ruwan ƙasa wuta ce kullum ba fis, fara wutar makulli ce ba fis, koriya wutar makulli ce mai fis, shunayya wuta ce kullum mai fis, baƙa ta bodi ce. Ƙafa ta 30 a ɗauko mata daga ƙusar solonoyid ɗin kik inda wayoyi masu ruwan ƙasa suka haɗu, a sa fis ɗin kusa da wurin, kada ya wuce taƙi guda. Ƙafa ta 86 a ɗauko daga koriya a akwatin fis.

Nura K.: Oga Sabo, me zai hana a ɗauki wutar fankar gaba ɗaya daga koriyar? Ai akwai fis na 35 a kanta, ya isa har da saura.

Sabo Riwaya: Nan ne tarkon, Nura. Fis ɗin gilashi na Lucas da aka rubuta 35 a jikinsa, 35 ɗin inda yake tsinkewa ne, abin da yake iya ɗauka yau da gobe amfiya 17 ne. Kuma a kansa fitilar birki take, da sigina, da waifa, da gejoji. Ranar da fanka ta tsinke shi, ka rasa fitilar birki ba ka sani ba. Sannan akwai wani abin: motar fanka, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta, in tana juyawa ba wuta, janareto take zama. In tana kan layin makulli kai-tsaye, ka kashe mota ka zare makulli, injin ya ci gaba da tafiya sakan biyu ko uku saboda fankar na mayar da wuta zuwa kwayil kafin ta tsaya. Rile yana raba su.

Fis irin na zamani mai ƙafa biyu shi lambarsa abin da yake ɗauka ne, shi ya sa na ce 20. Waya kuma mai kaurin milimita 2 murabba'i, irin mai siririyar riga, an yi ta don amfiya 25, ta wadatar daga solonoyid zuwa rile zuwa fanka, har da ta bodi. Ta bodin nan ita ake rainawa a sa mata siririya, alhali duk wutar da ta shiga ta nan za ta fita. A kankare fenti har ƙarfe ya fito, a sa wasa mai haƙora, a ɗaure, a shafa giris a kai.

Injiniya Bilkisu: Bayanin Malam Sabo daidai yake. Ni digirin nake son a tsaya a kai, domin a nan ake yin aikin da zai yi kyau a ido amma ya zama ba shi da maraba da haɗa fanka dairek.

Tamosta mai 82 a 82 take fara buɗewa, ba ta gama buɗewa sai ruwa ya ƙara wajen digiri goma. Aikinta ta hana injin yin ƙasa da wannan zafin. To in ka sa makunni a tiyon sama wanda ke kunnawa a 85 ya kashe a 80, fanka za ta tashi, ta yi ta ƙoƙarin mayar da ruwa 80, tamosta kuma na rufewa don kada ya sauka ƙasa da 82. Sai su yi ta ja-in-ja, fanka ba za ta huta ba sai an kashe mota. Ƙa'idar ita ce digirin kashewa ya ɗara na tamosta da aƙalla biyar. Da tamosta mai 82, a tiyon sama, a nemi makunni mai kunnawa a 92 ya kashe a 87, ko mai 95 da 90. Ana buga lambobin biyu a jikin tagullar makunnin, a karanta kafin a biya kuɗi.

Makunnin da ya fi sauƙin samu shi ne mai zaren M22 x 1.5, wanda Volkswagen da Peugeot da wasu motocin Turai suka daɗe suna amfani da shi a jikin lagireto. Yana zuwa da digiri kala-kala, don haka in wanda aka fara sawa bai dace ba, a kwance a canza, minti biyar ne.

Baba Ɗanjuma: Injiniya, ban ƙi lissafinki ba, amma ni tiyon ƙasa nake ba da shawara. Ruwan tiyon sama kullum da zafi yake, ko lagireto na aikinsa ko ba ya yi. Tambayar da fanka ke amsawa ita ce: shin iskar da ke ratsa saƙar ta isa? Amsar tana wurin ruwan da ke fitowa bayan ya ratsa, wato tiyon ƙasa. In mota na gudu, ruwan ƙasa ya huce sosai, fanka na barci. In ta tsaya, ruwan ya fara fitowa da zafinsa, nan take makunni ya ji. Kuma akwai hatsarin da ba a faɗa: in ruwa ya ragu, tiyon sama ne ke fara zama fanko. Makunnin da ke rataye a cikin iska ba ya jin zafi yadda ya kamata, injin na dahuwa fanka na kwance.

Injiniya Bilkisu: Gaskiya ne Baba, batun raguwar ruwa hujja ce mai ƙarfi. Matsalar tiyon ƙasa ita ce ba a san digirinsa da ka ba. Bambancin sama da ƙasa yakan kai digiri 5 zuwa 10, amma ya danganta da kaurin saƙa da gudun famfo. In za a bi ta ƙasa, sai an auna motar kanta. A samo ma'aunin zafi mai haska jan ɗigo, a bar injin a silo, a riƙa auna gidan tamosta. Lokacin da ya nuna 92, a auna bakin lagireto na ƙasa. Abin da aka gani shi ne digirin kunnawa, galibi tsakanin 82 da 87. A auna a kan baƙin fenti ko a manna baƙin salatif, domin ƙarfe mai sheƙi yana yaudarar irin wannan ma'auni.

Wani abu kuma, tiyon ƙasa na MGB lanƙwasasshe ne kuma akwai reshen hita a jikinsa, wurin da yake miƙe ɗan kaɗan ne. Na sama ya fi sauƙin yanka. Ga wanda zai riƙa duba ruwansa kowace safiya, sama ba laifi, sai dai a juya mahaɗin da ake sawa a inda aka yanka tiyon yadda makunnin zai shigo ta gefe ko ta ƙasa, ba ta sama inda kumfar iska ke maƙalewa ba.

Baba Ɗanjuma: In lagireton tagulla ne, ai ba sai an yanka tiyo ba. Mai gyaran lagireto zai huda tankin ƙasa ya liƙa mazaunin M22 da dalma. Ya fi tsafta, kilif biyu sun ragu, wurin yoyo biyu sun ragu.

Usman Lagireto: Haka ne, aikin rabin awa ne in an riga an sauke shi. A dai gwada shi da iska a cikin ruwa kafin a mayar. Kamfanin MG ma da suka koma fankar lantarki a motocin 1977 zuwa 1980, a tankin sama na lagireto suka sa nasu makunnin, irin wanda ake turawa cikin roba. Su kuma sun matsar da lagireton gaba, shi ya sa masu waɗannan shekarun ke da fili. Ta 1972 ba ta da wannan sararin.

Abba_GT: To wannan ya kawo mu gaba ko baya. Tsakanin fankar ƙarfe da saƙa ko yatsu biyu da ƙyar.

Usman Lagireto: Hanya biyu ce. Ko dai a bar ta ƙarfen a ƙara ta lantarki a gaba tana turawa, ko a cire ta ƙarfen a sa siririyar fanka a baya tana zuƙowa. Mai zuƙowa ta fi aiki, kuma ba ta tare iskar hanya. Amma a auna da ruwan sanyi: bayan an cire ta ƙarfen, daga saƙa zuwa kan ƙusoshin fuli nawa ne? A cire kaurin sabuwar fankar, abin da ya rage kada ya gaza milimita 15 zuwa 20. Injin a kan roba yake zaune, in aka taka birki da ƙarfi yana zamowa gaba. In wurin ya yi ƙunci, a gusar da fankar gefe kaɗan yadda motarta ba za ta yi saiti da hancin famfo ba.

Ƙusoshi huɗun da suka riƙe fankar ƙarfe su ne kuma suka riƙe fulin famfon ruwa. In aka cire fanka aka mayar da su yadda suke, sun yi tsawo, za su iya taɓa jikin famfo ta baya. A sa gajeru ko a cike da wasa daidai kaurin abin da aka cire, sannan a juya fulin da hannu a saurara kafin a tayar.

A gaba kuma ƙaramin lagireton man inji ne ke zaune a kan faranti, da tiyoyinsa biyu da ke wucewa ta gefe. Fanka mai inci 9 ko 10 tana shiga bayansa in siririya ce. A yanka kwali daidai faɗinta a gwada kafin a saya.

Malam Tijjani: Ni a wurin da zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, ba na goyon bayan cire ta ƙarfen. Kafireto biyun SU a saman manifol ɗin hayaƙi suke zaune, farantin kare zafi kaɗai ya raba su. Fankar ƙarfe ko a silo tana motsa iskar ɗakin injin ba tsayawa. In aka cire ta, tsakanin kashewar ta lantarki da sake tashinta iska tsaye take cik, fetur ya fara tafasa a kwanon kafireto, mota ta riƙa shaƙewa in an zo tashi daga danja. Amfanin cirewar, wato raguwar ƙara da ɗan ƙarfin injin da ake samu, a ƙasar sanyi yake da daraja. A bar ta, a ƙara mai turawa a gaba ta zama mataimakiya. In rile ya mutu a hanya ma akwai abin da zai kai mutum gida.

Sai dai a duba gindin fikafikanta da kyau, wajen ribit. Tsofaffin fankokin ƙarfe suna tsagewa a nan, kuma fiffike in ya tsinke ko bonet yana hudawa. In an ga tsaga ko gashi-gashi, a canza ta da ta roba mai fikafikai bakwai ta motocin baya-bayan.

Injiniya Bilkisu: Na yarda da Malam Tijjani a wannan. Abin lura kawai, wanda ya bar biyun ya tabbata ta gaban turawa take yi. In aka juya wayoyi ta koma zuƙowa, ita na ja gaba ta ƙarfe na ja baya, iska ta tsaya a tsakiyar saƙa, motar ta fi da zafi.

Sabo Riwaya: Gwajin takarda ke nan. A haɗa ta da batir kafin a tayar da injin, a kawo fallen takarda gaban giril. In ta manne, daidai. In ta ture ta, an yi kuskure. Kuma juya waya kaɗai ba ya mayar da mai zuƙowa ta zama mai turawa ta kirki. Fiffiken a lanƙwashe yake kamar cokali, gefe ɗaya yake ɗiban iska. Waɗanda aka yi su don aiki biyu, sai an kwance noti ko kilif ɗin tsakiya an kifa fiffiken sannan a juya wayoyin. In aka yi ɗaya aka bar ɗaya, za ka ji ƙugi kamar jirgi, iska kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Kamfanoni irin su Spal kowace da lambarta, mai turawa daban mai zuƙowa daban, a faɗa wa mai sayarwa wadda ake so.

Nura K.: Robobin nan da ke zuwa cikin kwali, waɗanda ake sokawa ta cikin saƙa a ɗaure fanka, suna da matsala?

Usman Lagireto: A zubar da su. Nauyin fanka gaba ɗaya a kan bututan da ba su kai kaurin farce ba yake komawa, kowane rami a hanya yana goga su, wata rana sai ka ga kore-kore a wurin, daga nan sai yoyo. A lanƙwasa ƙarfe mai faɗin milimita 20 zuwa 25 guda biyu, a ɗaure su a ƙusoshin gefe da suka riƙe lagireto a farantinsa, fanka ta rataya a kansu. Bakin zoben fankar ya matso saƙa sosai, a sa siririn soso ko roba a tsakani. In aka bar tazarar yatsa biyu, iskar ta gefe za ta riƙa zillewa maimakon ta ratsa.

Garba 65: Malamai, a taimaka da ta 1965. Duk wannan ya shafe ta?

Sabo Riwaya: Ya shafe ta amma da gyara biyu, Malam Garba. MGB kafin ƙarshen 1967 fozitib ne a bodi, in dai ba a riga an juya ta ba. A leƙa batir a gani. Motar fanka mai waya biyu ba ruwanta da wannan: wayar fozitib ta tafi bodi, ta nagetib ta tafi 87, a yi gwajin takarda. Makunnin tagulla ma ba ruwansa. Abin da ke ƙonewa shi ne na'ura mai lantarkin zamani a ciki, irin masu maɓallin saita digiri, da rile mai dayod. Kamfanin Revotec na yin na musamman don masu fozitib a bodi, sai an ambata wajen oda. Rile kuwa a sa marar dayod a huta.

Na biyu ya fi nauyi. Dainamo gare ta, Lucas C40, ƙarshen ƙarfinsa amfiya 22, kuma a silo kusan ba ya ba da komai, ga shi a silon ne fanka ke aiki. Lissafa da dare ana ruwa: manyan fitilu wajen 9, ƙanana da na dashbod wajen 3, kwayil da famfon mai wajen 4, waifa wajen 3, fanka 8 zuwa 10. An haura 22 tun ba a kunna hita ba. Batir ne ke cikasawa, cunkoson awa ɗaya ya isa ya sa kik ya ƙi juyawa. Ko a zaɓi ƙaramar fanka marar ci, ko a juya motar zuwa nagetib a bodi a sa altaneta. Ta Abba tana da altaneta 16ACR mai amfiya 34, za ta ɗauka, ko da yake 18ACR mai sama da 40 yana shiga mazauni ɗaya in ana son sarari.

Malam Tijjani: Saura batun ko fanka ta ci gaba bayan an kashe mota. Wasu na so, saboda allura na hawa bayan an tsaya.

Injiniya Bilkisu: Hawan nan ba ciwo ba ne. Famfo ya tsaya, zafin da ke jikin tof, wato kan silinda, yana shiga ruwan da ke tsaye, minti goma ya sauka. Fanka a lokacin ruwan lagireto kawai take hucewa, wanda ke cikin injin a hankali yake zagayowa da kansa. In ana so, sauya waya ɗaya ce: 86 ta bar koriya ta koma shunayya. Amma makunni in ya maƙale a haɗe, da safe batir ya mutu, kuma fanka na iya tashi hannun bakanike na ciki ba makulli a jiki. Da ƙananan batiran nan biyu, ni a koriya zan bar ta.

Abin da ya fi amfani shi ne makunnin hannu a ƙarƙashin dashbod. Waya ɗaya daga 85 zuwa makunnin, daga shi zuwa bodi. Direba ya hango cunkoso ya kunna tun kafin zafi ya taru, kuma ranar da na zafin ya mutu shi ne mafita.

Nura K.: Da ƙaramar fitilar da za ta nuna tana aiki fa?

Sabo Riwaya: In ka ɗauko ta daga 87 zuwa bodi, za ka ga tana ɗan haske a guje ko fanka ba ta kunne, saboda iskar hanya na juya fiffiken yana haifar da wuta. Ba lalacewa ba ce. In ka sa ta tsakanin koriya da 85 ba za ta yi haka ba, amma abin da take faɗa maka shi ne an ba da umarni, ba wai fanka ta juya ba. Fis na iya tsinkewa tana ci gaba da haske. Ni ta 87 na fi so, gara ta yi ƙyalli a hanya da ta yi mini ƙarya a cunkoso.

Baba Ɗanjuma: Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da za a ji a gareji. Za a ce a cire tamosta a haɗa fanka dairek, wai ƙasarmu da zafi. Kada a yarda. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai, fulogi na yin baƙi, fetur na wanke bangon silinda. Fankar da ke juyawa dare da rana kuma gawayin motarta ke cinyewa. In 82 ta yi yawa a ganin mutum, akwai mai 74 da aka yi wa injin nan, amma ta canza inda zafi ke farawa ne kawai, ba ta ƙara wa lagireto ƙarfi ko kaɗan.

Kuma 92 ko 95 kada ya tsorata kowa. Murfin lagireto mai psi 10, wanda ya dace da ta 1972, yana ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen 115. Na farkon su 7 ne, na ƙarshen 15. Kada a ɗora mai 15 a tsohon lagireto da tsohuwar hita don neman ƙari, ɗinkin dalma ne zai buɗe. Ruwan da take ci bai kai lita shida ba. A sa kashi ɗaya cikin uku ruwan kulan irin na da, shuɗi ko kore, wanda ya dace da tagulla da dalma, sauran tataccen ruwan batir marar asid. Ruwan rijiya shi ke haifar da farin dutsen da ke toshe saƙa.

Abba_GT: An tsaya a kan haka: ta ƙarfe ta zauna, mai turawa inci 10 a gaba, makunni 92 da 87 a tiyon sama tunda ba a son sake sauke lagireto yanzu, rile da fis na 20, makunnin hannu. Akwai abin da ya rage wajen sa mahaɗin?

Injiniya Bilkisu: A auna cikin tiyon da ma'auni kafin a sayi mahaɗin, kada a yi kirdado, kuma ya zama mai tudu a bakinsa biyu don kada tiyo ya zame. A yanke daga tiyon daidai tsawon da mahaɗin zai ci, in ba haka ba zai lanƙwashe ya matse hanya. Makunnin M22 da wasa yake toshewa, ba ya son farin salatif. In mai baki ɗaya aka samu, wanda ke sauke wuta ta jikinsa, a tuna mahaɗin a tsakiyar roba yake, ba ya taɓa bodi, sai an ja masa waya ta musamman. Wannan kaɗai ya sa an mayar da makunnai masu lafiya shago da yawa.

Irin makunnin kamfanin Kenlowe na da, mai siririn bututun jan ƙarfe da ake cusawa ƙarƙashin bakin tiyo, yana aiki, amma wurin yana yawan tsatsafo in ba a sa robar da ke zuwa da shi daidai ba.

Sabo Riwaya: Gwaji kuma bi da bi. Makulli a kunne, injin a kashe, a zare wayoyi biyun makunnin zafi a haɗa su da juna: rile ya yi ƙas, fanka ta tashi. In ya yi ƙas ba ta tashi ba, fis ne ko wayar bodi. In bai yi ƙas ba, a duba wuta a 86. Tana juyawa a sa mita a bakin wayoyinta, a kwatanta da ƙusar solonoyid. In bambancin ya wuce rabin volt akwai mahaɗar da ba ta matsu ba, a bi da yatsa, wadda ta yi ɗumi ita ce. Rile a ɗaure shi ƙafafu na kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki, duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba.

Sannan a cika ruwa da famfon hita a buɗe, a tayar ba murfi har tiyon sama ya yi zafi kumfa ta gama fita, a ƙara, a rufe. A bar ta a silo bonet a rufe, domin a buɗe ba za a ga gaskiyar zafin ba. Ta tashi allura ta ɗan haura N, ta yi minti ɗaya zuwa uku, ta mutu, a jira ta sake zagayowa sau uku.

Garba 65: Za a iya gwada makunnin a tukunya kafin a ɗaura?

Injiniya Bilkisu: Sosai. A rataya shi da waya, zaren kaɗai a cikin ruwa kada ya taɓa gindin tukunya, mita a kan bakinsa biyu, ma'aunin zafi a gefe, wuta kaɗan-kaɗan don tagullar ta samu ta bi ruwan. A rubuta inda ya haɗe, a sauke tukunya, a rubuta inda ya saki. Sai dai mai gwada na 95 a wuri mai tudu kamar Jos ya sani ruwa a can wajen 96 yake tafasa, yana iya tafasowa makunnin bai motsa ba a ɗauka matacce ne. A zuba rabin ruwan kulan a tukunyar, zai kai sama da 100 kafin ya tafasa, kuma tukunyar ta tashi daga ta girki ke nan, domin kulan guba ne.